Shirun Umma a gaban likita

Ruƙayya, Usman, ku karanta wannan da kyau, don ba zan maimaita shi da baki ba. Na san abin da ake faɗa a bayan idona a unguwarmu ta Kurayyat, na kuma san kun ji, tunda da wuya a yi walima a watse ba a taɓo ni ba. Wasu su ce babanku da mace ce, ta gaji da abaya ta je aka mayar da ita namiji. Wasu su ce aljani ne ya shafe ni. Wata tsohuwa ma, Allah ya jiƙanta, har ta mutu tana rantsuwa a Masar aka yi mini aiki, ni da ban taɓa wuce Ɗa'ifa ba. Duk wannan bai dame ni ba, tun kafin in auri uwarku in same ku kuna ƙanana na saba da shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika yi ranar nan, Ruƙayya, da kika ce kin lura Hajja ba ta ƙaunata, ko kallona ba ta yi, ko sunana ba ta kira. Raina ya ɓaci na daka miki tsawa, kuma ban kyauta ba. Ke a Jidda kika buɗe ido, Hausarki ma rabinta Larabci ne, ina za ki gane abin da kike gani?

A unguwar Waziriyya a nan Jidda aka haife ni, a gida, a hannun unguwarzoma. Ta duba ta ce mace, aka yanka rago aka sa mini Sa'adatu. Ni ne ɗan fari, kuma Umma, wadda kuke kira Hajja, daga wani ƙauyen Hausawa na Sudan aka kawo ta, inda ake riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, ba ta ba da labarinsa. In baƙuwa ta tambaye ta lafiyarsa sai ta kawar da kai kamar ba da ita ake ba. Wadda ta fi iya wannan ita ake cewa 'yar mutunci. Saboda haka Kaka, uwar Baba, ita ta karɓe ni, ita ke mini wanka, a bayanta na tashi har ta rasu ina shekara tara. In Umma tana son in yi wani abu, ƙanwata Hadiza take aikowa, ko da kuwa ina zaune a gabanta. Sai ta ce, gaya wa ta Kaka ta kwashe shanya. Ni ma ban taɓa ganin aibun haka ba, don haka na ga ana yi a duk gidajen namu.

Da na kai sha uku sai jikina ya kama hanyar da ba wanda ya aike shi. Murya ta buɗe, kafaɗa ta yi faɗi, abin da 'yan mata ke jira bai zo ba, gemu kuwa ya zo da wuri ba tare da sallama ba. Niƙabi ya rufa mini asiri. Har a cikin gida nake yawo da shi, mata suna ta sa mini albarka wai na fi kowa tsoron Allah, ni kuwa wallahi tsoron mata ne. Na daina magana sai da kai da hannu. Na koyi ɗinki, na duƙufa a kan keke a lungun ɗaki, ina ɗinka wa amare riguna ina kawar da ido in sun zo gwaji. Ban san sunan abin da ke damuna ba, sai dai kalmar nan da ake jifan mutane da ita, mata-maza, wadda har yau ba na son jin ta. Abin da na sani kawai, tun ina ƙarami ban taɓa jin kaina mace ba ko na yini ɗaya, kuma kullum sai na roƙi Allah gafara a kan haka.

Shekarar da na cika sha tara Baba ya dawo daga shagonsa na yadi a kasuwar Bab Makka ya ce kafili, Balaraben da ya tsaya masa a wurin hukuma, ya yi magana, bana dole a raba ni da iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama, a fitar mini da tawa, kuma sai da hoto, fuska a buɗe. Na yi kwana uku ban ci abin kirki ba. Rana ta huɗu, da ya dawo daga la'asar, na bi shi ɗakinsa na rufe ƙofa na ɗage niƙabin. Mutumin nan ya daɗe yana kallona. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai tambaye ni tun yaushe ba, ya dai ce in mayar, ya saka takalminsa ya koma masallaci wurin liman. Liman ya ce masa wannan ba canza halittar Allah ba ne, halitta ce ta zo a rufe, likitoci ke buɗe ta, ya kai ni asibiti.

Wata biyar muna zarya. Aka ɗebi jini har na ce za su ƙarar da ni, aka yi hotuna na ciki da na waje. A ƙarshe likita ya gaya wa Baba cewa abin da ke cikina na maza ne tun daga jini, kuma akwai aikin gyara da za a iya yi. Sai dai ba a taɓa mutum da wuƙa, ba a kuma canza masa suna a takarda, sai lajna, wato kwamitin likitoci, ta sa hannu. Kowa a cikinsu ya sa nasa, saura mutum ɗaya, likitan ƙwaƙwalwa. Shi zai rubuta taƙrir, wato rahoto, cewa zuciyata tana inda jikina yake, cewa zama a matsayin mace azaba ce gare ni ba rigima ba, kuma akwai gidan da zai karɓe ni bayan an gama. In babu wannan takarda, babu aiki, babu suna, babu iƙama. Baba kuwa wata uku kacal aka ɗaga masa a kan maganar hoton, bayan nan ko in buɗe fuskar nan da gemunta a ƙarƙashin sunan Sa'adatu, ko in zama marar takarda a garin da aka haife ni.

Likitan wani dattijo ne mutumin Sham, mai tabarau, kullum da shayi a gabansa wanda ya huce bai sha ba. Sau huɗu muka zauna. Da farko na ɗauka tarko yake ɗana mini, sai na ga mutumin sauraro kawai yake yi. Na faɗa masa abubuwan da ban taɓa faɗa wa ko bango ba. A zama na huɗu ya rufe fayil ya ce daga wajena ya gamsu, saura ya ji daga bakin wadda ta haife ni.

Muka je mu huɗu, ni da Baba da Umma da Gwaggo Ladi, yayar Baba, wadda ba a yin komai a gidanmu ba ta sa baki ba. Likita ya gaishe da Umma cikin ladabi, ya nuna ni ya tambaye ta sunana. Umma ta kalli ƙasa. Ya tambaye ta yadda nake ina yaro, da wa nake wasa, me nake so. Ta juya ta kalli taga. Gwaggo ta karɓe da Larabcinta na kasuwa tana ta zuba, likita ya ɗaga mata hannu ya ce uwar yake son ji. Ya sake tambayar Umma ko ta yarda da abin da za a yi. Ta ja mayafinta ta ce da Gwaggo da Hausa, a hankali:

"Yaya, ki ce masa ya tambayi masu ita."

Gwaggo ta fassara masa daidai yadda aka faɗa, har da alfahari. Likita ya yi ɗan rubutu, ya ce mu dawo bayan sati uku.

Ku ji wautarmu. Wallahi murna muka fito muna yi. A cikin mota Gwaggo ta dinga yabon Umma, wai ta fitar da mu kunya a gaban Balarabe, ko ƙifta ido ba ta yi ta wajena ba, yanzu ya san daga gidan tarbiyya muka fito. Baba ya tsaya a Bab Makka ya sayo mutabbaƙ, fanken nan mai nama da ƙwai, da zafinsa muka ci da shayi. Ni kaina na kwanta da sanyin zuciya. Ba wanda ya yi tunanin akwai ɗan Adam a duniya da bai san kunyar ɗan fari ba, balle a yi masa bayani.

Bayan sati uku muka koma ni da Baba karɓar takarda. Likita ya ce ba zai sa hannu ba yanzu, ya ɗage maganar wata shida, saboda uwar ba ta yarda ba. Ya ce ya ga mace da ta ƙi faɗin sunan abin da ta haifa, ta ƙi kallonsa, ta kuma ce ba nata ba ne. Baba sai da ya yi dariya don mamaki. Ya shiga yi masa bayanin al'ada, yana haɗawa da rantsuwa. Likita ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya ce:

"Ya ammi, baffana, na yarda ba ƙarya kake ba. Amma na sa wa wasu hannu a ɗakin nan, uba ya rantse kamar yadda ka rantse, aka yi aiki, suka koma gida aka rufe musu ƙofa. Sun fita daga cikin mata, maza ba su karɓe su ba. Ba zan ƙara ba sai na ji da kunnena."

A lokacin na ji kamar in shaƙe shi. Yau da furfurata na san mutumin kirki ne, ni yake karewa. Amma wata shida ba mu da su, saura mana sati biyar.

Washegari da hantsi na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Umma tana tsakar gida tana tsinke lalo a tire, na je na zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa, ba Hadiza a tsakaninmu. Na cire niƙabin na ajiye. Muryar nan da na shekara shida ina ɓoyewa na sake ta yadda take. Na gaya mata abin da likita ya ce, da abin da zai same ni in wa'adi ya cika. Na ce ban taɓa roƙonta komai ba, yau ina roƙonta ta yi magana a kaina sau ɗaya. Hannunta bai tsaya ba. Ta gama tsinke lalon nan tas, ta kakkaɓe zaninta, ta shige kicin ta bar ni da itatuwan a ƙasa.

Gwaggo kuwa da labari ya kai mata sai da ta tara mana unguwa. Ta ce ban da kunya, so nake in tsiraita uwata a gaban ƙaton da ba muharraminta ba. Ta ce shekara sha tara matar nan tana riƙe da mutuncinta, rana ɗaya zan zubar mata da shi saboda takarda. Ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka asibitin ba, kuma duk wadda ta je ta buɗe baki a kan ɗan fari, kada ta ƙara kiranta Yaya. Baba kuwa gaban Gwaggo ɗan yaro ne. Kwana tara gidan ba daɗi. Na daina ɗinki, na daina fitowa, na fara tunanin abubuwan da ba zan rubuta muku ba.

Rana ta goma da safe Hadiza ta leƙo ta ce Umma ta ce a gaya wa ta Kaka ta shirya. Na fito na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa da abayarta ta zuwa Harami, jaka a hammata. Baba ya rufe shago ya kai mu, amma a ƙofar likita ta ce masa ya jira a waje. Ni ma na juya zan bi shi, sai ta kama gefen abayata. Da muka shiga ta ɗauki kujerar da aka ba ta, ta juya ta ta fuskanci bango, ta zauna ta ba mu baya ni da likita. Sannan ta ce wa bangon, da Hausa, Larabcinta na cefane ne, ba zai ɗauki wannan magana ba, wanda ke ɗakin mai jin harshe biyu ya fassara.

Haka na zama tafinta tsakanin uwata da likita a kan kaina. Ta fara daga ranar arba'in. Ta ce ranar an fita da Kaka gaisuwa, gida ba kowa, ta lallaɓa ta kwance zanin jaririn da ba a yarda ta ko kalle shi sosai ba, ta duba. Ta ce tun ranar ta san unguwarzoma ta yi gaggawa. Amma ita yarinya ce 'yar sha bakwai, baƙuwa a gari, in ta faɗa za a ce yaya aka yi ta gani. Sai ta mayar da zanin ta ɗaure yadda ta same shi.

Na fassara. Likita ya ajiye biro.

Ta ci gaba, kuma wallahi ba abin da ya wuce ta. Ta faɗi yadda ina shekara huɗu na fizge 'yan kunne har kunnen ya tsage. Ta faɗi ranar da na bi Baba masallaci na shige sahun yara maza aka dawo da ni ina birgima, abin da ni kaina na manta. Ta san watan da muryata ta buɗe. Ta san dalilin niƙabin. Rezar da nake tsinta a cikin gwangwanin zare duk bayan 'yan kwanaki, wadda nake zaton ta farke ɗinki ce Allah ya taimake ni da ita nake aske gemu, ashe ita ke sayowa ta saka, ta kuma kwashe tsohuwar ta jefar a nesa da gida don kada Hadiza ta gani. Nan na kasa fassarawa. Likita ya miƙo mini ruwa, ya jira. Ita ko ba ta juyo ba har na dawo cikin hankalina, sannan ta ce:

"A gaya masa laifina ne. Na zaɓi a ce ina da kunya, na bar yaro yana ƙuna shekara sha tara ina kallo ta gefen ido. In akwai wanda za a ɗage wa wata shida, ni ce."

Na ce mata ba zan faɗi wannan ba. Ta ce a faɗa yadda ta faɗa. Na faɗa.

Likita ya yi tambayarsa ta ƙarshe, wadda duk ita ce ta tsayar da mu. Ya ce bayan an yi aiki, ina zan koma, wa zai buɗe mini ƙofa?

"Ɗakin bakin ƙofa, na baƙi maza," in ji Umma. "Tun watan jiya na kwashe buhunan da ke ciki na wanke shi. Katifa ce kawai ban saya ba, ina jira in ga tsawon da za a bar shi da shi."

Likita ya tuntsire da dariya, ya ce a gaya mata tsawon ba za a taɓa shi ba. Ya jawo fayil ya sa hannu a gabanmu, ya buga hatimi. Ya miƙe tsaye ya yi mata godiya, ita kuwa ta mayar da kujerar inda ta ɗauke ta, ta fita ba ta kalli ɗayanmu ba.

Kada ku ɗauka a banza ta yi. Gwaggo ta cika rantsuwarta, ta fi shekara ba ta shiga gidanmu ba, kuma ta tabbatar kowace mace a Waziriyya ta ji cewa Umma ta zauna gaban namiji ta yi hirar ɗan fari har da abin da ke cikin zani. Matan da suke miƙe mata a taro suka daina. Ta bar zuwa biki da suna, daga baya ma muka tashi muka dawo Kurayyat. Ni ma na biya nawa. Ƙawayen da muka tashi tare, waɗanda na ɗinka wa kayan aure, suka koma rufe fuska in sun hango ni, wasu mazajensu suka yi ta neman rigima da Baba. Ban ga laifinsu ba. Ita kuma Umma, tun da ta fita daga ɗakin nan ta koma yadda take, ba ta sake yi mini magana irin wannan ba har yau, ni ma ban sake nema ba.

Takardar ta fito ranar wata Laraba. Na zaci zan ga littafi, sai na ga shafi ɗaya, layi bakwai da hatimi uku. Aikin asibiti da sabuwar iƙama mai sunan Sa'adu duk daga baya suka biyo, kuma ba su ba ni wahala kamar shafin nan ba. Na riƙe shi a mota da hannu biyu, ina jin kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji. Ban yi kuka ba, yunwa ma na ji, irin wadda na manta rabon da in ji ta.

Mun iso gida ana zuba abincin rana. Baba ya karanta takardar a tsakar gida da ƙarfi, ya sake karantawa, Hadiza tana tsalle. Umma tana kicin ba ta fito ba. A gidanmu tire biyu ake yi, na Baba a kai masa ɗakinsa ya ci shi kaɗai, namu na mata a shimfiɗa a ɗakin ciki. Na wanke hannu na nufi ɗakin ciki kamar kullum, har na cire takalmi ɗaya. Umma tana durƙushe tana zuba miya, ba ta ɗago ba, ta ce da Hadiza:

"Gaya wa yayanki abincinsa yana wurin babansa."

Na mayar da takalmin. Na tarar da Baba zaune gaban tire da ya fi na kullum girma, bai fara ci ba. Na rasa yadda zan zauna, na lanƙwashe ƙafa irin zaman mata, sai ya buga mini gwiwa ya nuna mini yadda ake yi. Ya tura naman gabana ya ce bismilla. Ta bango ina jin muryar Umma tana yi wa Hadiza faɗa a kan ta cika surutu, ina jin ƙarar cokalinta a kwanon miya. Na ci shinkafar nan har na ƙoshi, ina ci hawaye suna sauka a ciki, Baba yana yi kamar bai gani ba. Tun daga ranar ban sake sa hannu a tire ɗaya da uwata ba.